Yadda Ake Karɓar Sabon Mamba a Ƙungiyar Aikin Gayya

Da farko, wanda ya kawo shi ne zai gabatar da shi a taron wata: sunansa, layinsu da sana'arsa. A tambayi sana'ar nan da kyau, domin kafinta da mai walda da malamin asibiti kowa da inda zai amfani unguwa.

Sai sakatare ya rubuta shi a rajista, ya karanta masa dokoki, ya faɗa masa kuɗin wata. A gaya masa tun ranar cewa aikin sa kai ne, ba albashi ba alawus. Wanda aka ɓoye wa wannan shi ne ke sulalewa bayan mako biyu.

Daga nan a haɗa shi da tsohon mamba su fita aikin farko tare. A Kano, Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, ta fi dacewa. A miƙa masa shebur ko baro a yashe kwata kafin damina ta sauka. Kada a bar shi tsaye yana kallo.

In an tashi, shugaba ya kai shi ya gaida mai unguwa, sannan a saka lambarsa a zauren WhatsApp na ƙungiya.