Yadda Ake Kamun Kifin Turawut da Ƙwaron Gashi a Ƙarshen Hunturu

Kifin turawut kifi ne na koguna masu sanyi da tsabtataccen ruwa, irin waɗanda ke gangarowa daga duwatsun Birtaniya da Amurka, kuma masu kamunsa da ƙwaron gashi ba sa saka masa tana a fatsa. Abin da suke yi shi ne su naɗe ƙaramar ƙugiya da zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaron da kifin ya saba ci, sannan su jefa ta da sanda mai laushi da igiya mai ɗan nauyi, domin nauyin igiyar ne ke ɗaukar ƙwaron zuwa inda ake so. A Sukotlan doka ta buɗe kamun turawut daga ranar 15 ga Maris, ko da yake koguna da dama sai 1 ga Afrilu, kuma a waɗannan makonnin ruwa yana nan da sanyinsa na hunturu.

Abu na farko da ya kamata masunci ya fahimta shi ne jikin kifi yana bin sanyin ruwan da yake ciki. Turawut ya fi kuzari idan ruwa yana tsakanin digiri 10 zuwa 16 a ma'aunin Salshiyos, amma idan ya sauka ƙasa da digiri 7 sai jikinsa ya yi nauyi, narkewar abincinsa ta ragu, ya koma can ƙasa inda ruwa ke da zurfi kuma ba ya gudu da ƙarfi. Kifin da ke cikin wannan hali ba zai bi ƙwaronka ba, kai ne za ka kai masa shi har bakinsa. Saboda haka yana da kyau ka riƙe ƙaramin ma'aunin zafi a aljihu, kuma kada ka wahalar da kanka da sammako, domin daga hantsi zuwa la'asar ne ruwa ke ɗan ɗumama.

Sanda mai tsawon ƙafa 9 da igiya mai lamba 5 a ma'aunin nauyin igiya sun isa ga yawancin koguna. Ƙwaron da za ka fara da shi kuwa, mai nutsewa ne, wanda ke kwaikwayon tsutsar da ke zaune a ƙarƙashin duwatsu kafin ta yi fukafukai. Wanda na fi amincewa da shi shi ne wanda Frank Sawyer, mai kula da kogin Avon a kudancin Ingila, ya ƙirƙira da siririyar wayar tagulla da gashin jelar wani tsuntsun dawa. Ba shi da ado ko kaɗan, amma yana nutsewa da sauri, kuma shi ke nan abin da ake bukata.

Ka tsaya ƙasa da ramin da kake zaton kifi yana ciki, wato ta ɓangaren da ruwa ke gangarawa, ka jefa zuwa sama da shi, ta inda ruwan ke fitowa, ka bar ruwa ya kawo ƙwaron da kansa daidai da gudunsa, kana tattara ragowar igiya a hankali. Idan igiyar ta ja ƙwaron ya ratsa ruwa a karkace, kifin zai gane ba abinci ba ne. Ka ɗaura ɗan ulu mai launi a jikin siririn zaren da ke gaban igiya domin ya zama alama, saboda kamun turawut a sanyi ba ya zuwa da fizga: sau da yawa ulun zai ɗan tsaya ne kawai, kuma a nan za ka ɗaga sanda nan take. Idan ka yi jifa goma ƙugiyarka ba ta taɓa ƙasa ko sau ɗaya ba, to ba ka kai zurfin da ake so ba, sai ka ƙara nauyi ko ka matsar da ulun sama. Wannan gyaran ya fi canza ƙwaro amfani nesa ba kusa ba, kuma shi ne sababbin shiga suka fi yin sakaci da shi.

Wajen azahar, musamman ranar da aka yi lumshi, ƙwari masu launin zaitun sukan fito saman ruwa, kifi ya taso yana tsintarsu. Da zarar ka ga da'irori a saman ruwa, ka sauya zuwa ƙwaro mai yawo a sama ba tare da jinkiri ba, domin abin ba ya daɗewa.

Ka sa tufafin ulu hawa-hawa a ƙarƙashin dogon wandon roba, ka guji auduga domin idan ta jiƙe ba ta riƙe ɗumi, ka ɗaure ɗamara a ƙugu, kuma kada ka shiga ruwan da ya wuce cinyarka. Idan za ka saki kifin, ka danne ƙayar ƙugiya tun kafin ka fara, ka jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, ka riƙe shi cikin ruwa kansa yana fuskantar inda ruwan ke fitowa har sai ya kufce da ƙarfinsa.