Kurakuran da sabon ɗan wasa ya fi yi a makonsa na farko a Albion Online

A cikin matasanmu na Legas, daga Agege zuwa Idi-Araba da Obalende, akwai waɗanda wasan harbi da na ƙwallo a waya suka fara gundurarsu, suka koma leƙa wasannin da dubban mutane ke haɗuwa a ƙagaggiyar duniya guda, kowa yana rainon jaruminsa. Manyan wannan fanni, irin su World of Warcraft da ya fito a 2004, suna neman kwamfuta da kuɗin wata-wata, shi ya sa wanda ya fi sauƙin shiga a wajenmu shi ne Albion Online. Kamfanin Sandbox Interactive na ƙasar Jamus ne ya fitar da shi a 2017, ya mayar da shigarsa kyauta a 2019, ya kuma kawo shi wayoyin hannu a 2021. Abin da ke damuna shi ne yawan waɗanda suke sauke shi, su taɓa kaɗan, su goge, suna cewa babu komai a ciki sai saran itace da asarar kaya. Wannan hukunci ne na gaggawa, kuma yawanci wasu 'yan kurakurai ne suke jawo shi.

Na farkonsu yana faruwa tun kafin a fara wasan. Albion yana da manyan kwamfutoci uku da ke riƙe da duniyarsa, waɗanda 'yan wasa ke kira saba: ta Amurka, da ta Asiya, da ta Turai wadda aka buɗe a 2024. Mutum yakan danna wadda ya fara gani, alhali kowace saba duniya ce dabam, da kasuwarta da mutanenta, kuma jarumin da aka raina a ɗaya ba ya ƙaura zuwa wata. Ga mazaunin Legas, ta Turai ce ta dace, domin wayoyin intanet na ƙarƙashin teku da suka sauka a gaɓarmu, irin su MainOne da Equiano, daga Fotugal suka taso, saboda haka saƙo ya fi saurin zuwa can ya dawo. Wanda ya zaɓi mai nisa zai ga ya danna makami, sai bayan ɗan jinkiri jarumin ya motsa, ya kuma ɗora laifin a kan wayarsa. Idan ba a yi nisa ba, gara a sake sabon jarumi tun da wuri, bayan an tambayi abokai inda suke.

Kuskuren da ya fi kora mutane shi ne rashin kula da launin yanki. Taswirar wasan ta kasu zuwa shuɗi da rawaya da ja da baƙi, kuma kowane launi doka ce. A shuɗin yanki babu ɗan wasan da zai far maka a fili. A rawaya ana iya kai maka hari a kayar da kai, amma kayanka suna nan, sai dai su ɗan lalace ka biya kuɗin gyara. A ja da baƙi kuwa, duk wanda ya kashe ka yana da ikon kwashe abin da ke jikinka da na jakarka, har da abin hawanka. Sabon ɗan wasa yakan tara azurfarsa duka, wato kuɗin cikin wasan, ya sayi sulke mafi tsada da zai iya sawa, ya hau doki, gargaɗi ya fito a fuskar waya da Turanci ya danna ba tare da ya karanta ba, ya tsallaka jan yanki. Kafin ya gane abin da ake ciki, mutum uku sun sauko daga dawakansu sun kewaye shi, ya farfaɗo a gari ba ko takalmi. A nan ne da yawa suke cewa an zalunce su.

Ba zalunci ba ne, tsarin wasan ke nan, kuma a kansa kasuwar take tsaye, domin kusan duk makami da sulken da ake sawa 'yan wasa ne suka ƙera su, in ba a rasa kaya babu mai sayen sabo. Gyaran shi ne kada ka shiga ja ko baƙi da kayan da ba za ka iya sake sayen irinsu nan take ba. Kayan wasan suna da mataki daga 1 zuwa 8, kuma na mataki na 4 suna da araha, sun kuma isa a koyi faɗa da su. Ka sayi saiti biyu ko uku masu sauƙi ka ajiye a ma'ajiyar gari, ka fita da ɗaya. A jan yanki wasan yana nuna adadin waɗanda suka ɗaura niyyar kai hari, sai ka duba kafin ka yi nisa, kada kuma ka sauka daga doki don kawai ka hango abin tsinta.

Sai batun kasuwa, wanda a ganina nan ne ɗan Bahaushe ya kamata ya fi kowa fahimta, amma nan ne ake yin sakaci. Kowane gari, ko Lymhurst ne ko Martlock ko Thetford ko Bridgewatch ko Fort Sterling, yana da kasuwarsa da farashinsa da ma'ajiyarsa, abin da ka ajiye a wannan ba za ka same shi a wancan ba. Wanda ya san bambancin kuɗin kwandon tumatir a gonakin Kano da kuɗinsa bayan mota ta sauke shi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya riga ya san rabin wasan, domin riba tana cikin ɗaukar kaya daga inda suka yi yawa zuwa inda ake nemansu. Sabon shiga yakan kawo itacen da ya sha wahalar sara ya danna sayarwa nan take, ya karɓi tayin mai saye, wanda yawanci ƙasa yake da farashin da masu sayarwa suka sa. Da ya sa nasa farashin ya ɗan jira, da ya fi samu, ko bayan an cire haraji. Haka nan lodi yana da iyaka, idan ya wuce kima tafiya takan yi nauyi, don haka sa ake sayowa don dako, doki kuwa don sauri. Caerleon, garin da ke tsakiya, yana jan hankali saboda cinikinsa, amma jajayen yankuna ne suka kewaye shi, bai kamata ya zama zangon farko na mai koyo ba.

A wannan wasa ba a zaɓar wa jarumi aji na dindindin, abin da ya sa a jiki shi ne sana'arsa. Wannan 'yanci yana sa mutum ya ɗauki takobi yau, gobe baka, jibi sandar tsafi, ya ƙare bai ƙware a ko ɗaya ba, tunda kowane makami da nasa ma'aunin ci gaba. A gwada su a kwanakin farko, sannan a tsaya a kan makami ɗaya da sana'ar tattara kaya ɗaya.

Game da kuɗi na gaske, kada a yi saurin biyan Premium, wato rajistar da ake biya don samun ƙarin garaɓasa a wasan, kafin a tabbatar za a zauna a wasan, musamman da yake ana iya sayensa da azurfar da aka tara a ciki. Sayen azurfa daga hannun wasu a waje kuwa ya saɓa dokar kamfanin, yana iya sa a rufe asusun mutum, kuma duk wanda ya nemi kalmar sirrinka da sunan zai taimaka maka, ka rabu da shi.

Akwai kuma masu yin wasan su kaɗai har su gaji. Akwai ƙungiyoyi masu karɓar sababbi, suna koya musu hanya, wasu ma suna mayar wa mambobinsu kayan da suka rasa a yaƙin ƙungiya. Shiga irinsu yana sauya yadda mutum ke ganin wasan gaba ɗaya, sai dai a tambayi lokutan fitarsu, domin ba kowace ce ta dace da mai tashi kasuwa da asuba ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya shafi zamanmu a nan. Wasan ba ya tsayawa don ka ajiye waya, kuma idan netwok ya yanke ko caji ya ƙare a tsakiyar faɗa, jaruminka yana nan tsaye ana dukansa. Kada ka shiga yanki mai haɗari ana dab da kiran salla, ko kana cikin danfo a kan gadar Third Mainland, ko an ɗauke wuta wayarka tana gargaɗin caji. Irin waɗannan lokuta na shuɗin yanki ne da duba farashi a cikin gari. Sabuntawar wasan kuma tana cin data, gara a bari sai an samu wayifai ko garaɓasar dare, a kuma rage ingancin hoto a saitin wasan idan waya tana ɗaukar zafi.