Kurakuran da ake yi wajen sa wa wuƙar aljihu mai, musamman mai ƙotar ƙashi

Babban abin da ke kashe 'yar wuƙar aljihu ba rashin mai ba ne, irin man da ake zuba mata ne. Mutum ya ji ta fara tauri wajen buɗewa sai ya leƙa kicin ya ɗiga mata man gyaɗa ko manja, ranar dai za ta buɗe sumul, amma bayan 'yan makonni man ya daskare ya yi danƙo ya fara wari, ƙura da zaren aljihu su taru a mahaɗar bakin da ƙotar su zama wani baƙin kwaɓi. Wani kuma baƙin mai yake roƙa wurin bakanike, wuƙar da anjima zai yanka mangwaro ko rake da ita fa! Man keken ɗinki ya ishi mahaɗar, ɗigo ɗaya tak, ka buɗe ka rufe sau da yawa sannan ka goge wanda ya tsiyayo. In kuma kana yanka abin ci da ita to bakin wuƙar ka shafa masa farin man farafin ɗin nan da ake sayarwa a kemis, shi ba ya ruɓewa. WD-40 da mutane ke ta fesawa yana korar ruwa da datti, amma ba ya daɗewa, bayansa sai ka sa mai na gaske.

Kuma kar ka zuba mai kan datti. Ka sa tsinken sakace da tsohon buroshin haƙori ka kwakule ramin da bakin ke kwanciya, za ka sha mamakin abin da zai fito.

To ita ƙotar nan ne aka fi yin ɓarna. Ƙashi ba roba ba ne, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana shan ruwa yana shan mai yana shan jini. Ko kamfanin Case na Amurka da ya yi suna da irin ƙotar nan ƙashin ƙwaurin shanu masu tozo yake amfani da shi, irin namu dai. Shi ya sa jiƙa wuƙa cikin ruwan omo bayan an gama aikin layya kuskure ne babba, ƙashin zai sha ruwa ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, sai ka ga tsaga ta taso daga gindin ƙusar da ta riƙe shi siririya kamar silin gashi, daga nan sai tafiya. Ka goge da ɗanyen tsumma kawai ka busar nan take, a inuwa. Masu son ta yi fari fes su sa mata bilic, wallahi cinye ƙashin yake yi ya bar shi da gautsi, ni a ganina ma ɗan rawayan da ƙashi ke yi in ya tsufa shi ne kyansa.

A nan Kaduna lokaci biyu ne abin lura. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturun da ke fasa mana leɓe da kaushi shi ke busar da ƙota, sai ka ɗan taɓa farafin a yatsa ka murza mata, ka bar ta ta kwana, da safe ka goge sosai har ta daina maiƙo. Ba tsoma ta za ka yi cikin gwangwanin mai ba, in ya yi yawa ƙashin duhu zai yi dabbare-dabbare kuma ba ya komawa. Barinta a gaban mota cikin ranar Maris ko Afrilu ma fasa ta yake. Da damina kuwa, musamman Agusta, tsatsa ce matsalar, kuma ajiye ta cikin kube na fata wata da watanni shi ya fi jawo ta, don fata na riƙe laima, har ƙusoshin tagulla su yi kore su ɓata ƙashin da ke kewaye da su. Ka ajiye kuben daban.

In tsatsar ta riga ta kama kar ka kai wuƙar kasuwar Panteka a ɗora ta kan giranda, zafin injin yana kashe ƙarfin bakin ta daina riƙe kaifi. Mai kaɗan da soson ƙarfe mai laushi sun isa, ka bi a hankali kar ka taɓa ƙotar. Tsaga ƙarama kuma ɗigon sufa gulu na tsayar da ita, sai dai ka yi haka kafin ka shafa mai, don gam ba ya kama wurin da ya sha maiƙo.