Saita wutar tsohon injin lambu da 'yar takarda

'Yan'uwa masu lambun albasa a Marwa da bakin Binuwai, kafin ku kai injin garma wurin makanike, ku gwada wannan.

Cire wayar buji tukuna. Juya fulawil (babban faifan ƙarfen da ke juyawa da injin) da hannu har bakin kwantak (ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su rabu don tada wutar buji) ya buɗe iyakarsa, ka saita tsakaninsa milimita 0.5 da geji, wato siraran ƙarafan auna tazara. Haka tsofaffin injinan Kohler da Briggs suke so.

Sai ka samo takarda siririya, irin ta naɗa taba, ka saka a bakin kwantak yana rufe. Riƙe ta, kana juya fulawil a hankali ta inda injin ke juyawa. Inda takardar ta suɓuce, nan wuta ke tashi. A Kohler, ya kamata alamar S da ke jikin fulawil ta zo daidai ramin leƙawa na jikin injin a lokacin; in ba ta zo ba, ka sake saita bakin kwantak. In bakin ya yi faɗi, wuta na riga lokaci, injin ya riƙa fizge maka hannu. In ya matse, ƙarfi ya ragu.

Amma in makullin fulawil (ɗan ƙarfen da ke riƙe shi a mazauninsa) ya karye, ko kwandansa ('yar na'urar da ke haɗe da kwantak) ta mutu, wahalar banza za ka sha. Ni na ɓata yini guda kafin na gane.

Masu Honda GX kuwa, ku huta, naku ba shi da kwantak.