Daga Faris Zuwa Balin a Jirgin Ƙasa: Shirin da Ake Yi Tun Daga Sakkwato

Mu mutanen Sakkwato ba mu tashi da jirgin ƙasa ba. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya bi ta Gusau, a Ƙauran Namoda ya tsaya, bai ƙaraso mana ba. Tashar mota muka sani, inda ba a tashi sai an cika, in ka makara kuma ɗan kamasho ya kira ka a waya. Shi ya sa da wani ƙanena da muke aikin likitancin dabbobi tare ya same ni gida bayan la'asar ya ce, "Yaya, an gayyace ni taro Faris, daga can ina son in leƙa ɗan'uwana a Balin, yaya kuka yi lokacin da kuka je?" sai na ce ya zauna. Abin da na gaya mishi shi ne nake rubutawa a nan, don na san ba shi kaɗai ke da wannan tambayar ba.

Fara da biza, kafin ka kashe ko kwabo a tikiti. Faransa da Jamus duk suna cikin yankin Shengen, wato ƙasashen Turai da ke amfani da biza iri ɗaya, saboda haka biza guda ta ishe ka. Ana nema ne a wurin ƙasar da za ka fi daɗewa. In kwanakin daidai suke, sai ƙasar da za ka fara sauka. Kuɗin bizar Yuro 90 ne tun daga watan Yunin 2024, kuma sai ka nuna inshorar tafiya wadda ba ta gaza Yuro 30,000 ba. Ana karɓar takardu tun saura wata shida, don haka kada ka bari sai ƙurarren lokaci, musamman mu da sai mun yi tattaki daga Sakkwato. A cikin takardun ka bayyana cewa za ka shiga Jamus, da ranar, da inda za ka kwana. Wani abu da mutanenmu ke yawan kuskurewa: Landan ba ta cikin wannan lissafi. Birtaniya bizarta daban, kuma in bizarka ta Shengen ta shiga sau ɗaya ce, da ka fita Shengen ta ƙare.

Sai jirgin kansa. Tun 16 ga Disamban 2024 akwai jirgin ƙasa mai gudu na Jamus, ICE, da ke tashi daga Faris ya dire Balin ba canji, haɗin gwiwar kamfanin Deutsche Bahn na Jamus da SNCF na Faransa. Shi na hau a watan Fabrairun 2025. Mun tashi saura kaɗan ƙarfe goma na safe, muka sauka shida da 'yan mintoci na yamma, awa takwas ke nan, muka tsaya a Strasbourg da Karlsruhe da Frankfurt. Jadawalin jirage a Turai yana sabuntuwa kowane Disamba, don haka ka duba na ranarka a manhajar DB Navigator ko SNCF Connect. Akwai wata hanyar ta birnin Köln na Jamus, inda za ka hau jirgin Eurostar sannan ka canja. Ga wanda bai saba ba, ni dai na fi son wanda za ka zauna sau ɗaya, ka sauka sau ɗaya.

Idan dole ta sa sai ka canja jirgi, to a nan nake roƙonka ka saurare ni. Sayi tafiyar gaba ɗaya a tikiti guda, daga wuri guda. A wata tafiya da na yi shekarun baya, na sayi tikiti biyu daban-daban don na ga sun fi araha, tsakaninsu minti goma sha biyu. Jirgin farko ya makara, na iso na tarar na biyu ya wuce, kuma ma'aikaciyar da na samu ta nuna mini cewa tun da ba tikiti ɗaya ba ne, ba su da alhakin komai. Sabo na saya, a farashin ranar, da kuɗin da na ware don tsarabar yara. Da a ce guda ne, da an sa ni a jirgi na gaba ba ƙarin ko sisi. Dokar Tarayyar Turai ma ta ce in ka isa da jinkirin awa ɗaya a mayar maka da kashi 25 cikin ɗari na kuɗin tikiti, in ya kai awa biyu a ba ka rabi. Ko a tikiti guda, kada ka yarda da canjin da bai kai minti talatin ba in kana jan akwati a tashar da ba ka sani ba.

Farashi kuwa kamar na ragon layya yake, yana hawa ne yadda rana ke matsowa. Mafi arha a wannan layin kusan Yuro 60 aka fara sayar da shi, amma sai wanda ya riga. Mai arhar a ɗaure yake da jirgi ɗaya a rana ɗaya, sau da yawa kuma ba a mayar da kuɗi, shi ya sa na ce biza ta fara fitowa. Katin Naira ba kullum yake wucewa a shafukansu ba. Ka tanadi katin asusun dala, ko ɗan'uwanka na can ya biya, amma sunan da ke fasfo ɗinka za a rubuta. Ka buga tikitin a takarda tun a gida. Waya na iya mutuwa.

Kada ka haɗa saukarka daga jirgin sama da hawan jirgin ƙasa a safiya ɗaya. Kwana a Faris tukuna. Birnin yana da manyan tashoshi da yawa, kowace da shiyyar da take fuskanta, ta jirgin da ke zuwa Balin ba canji ita ce Gare de l'Est. Daga filin jirgin Charles de Gaulle, jirgin ƙasa na layin RER B zai kawo ka tashar Gare du Nord, daga nan tafiyar ƙafa ce ta kamar minti goma. Ni da yamma na je na ga tashar da idona, na gane ƙofa da allon sanarwa, sannan na yi barci hankali kwance. Lambar dandamali ba ta fitowa a allo sai saura kamar minti ashirin, kuma ana hana shiga saura minti biyu. A tikiti ka nemi lambar tarago da ta kujera: da Faransanci Voiture da Place, da Jamusanci Wagen da Platz. Kowace jaka ka liƙa mata sunanka, ƙa'ida ce a jiragen Faransa. Babu mai ɗaukar maka kaya, abin da hannunka biyu za su iya shi za ka tafi da shi.

Fasfo ya kasance a aljihun gaba, ba a ƙasan akwati ba. Jamus ta dawo da bincike a dukkan iyakokinta na ƙasa tun Satumban 2024, kuma da an haye kogin Rhine daga Strasbourg zuwa Kehl 'yan sanda na iya shigowa tarago. Miƙa musu kawai, tare da takardar gayyata in sun tambaya.

Abin da babu manhajar da za ta tsara maka shi ne salla. A Fabrairu rana na faɗuwa da wuri a can, don haka azahar da la'asar da magariba duk a cikin jirgi suka same ni. Kafin in bar gida na je wurin malamina ya warware mini hukuncin ƙasaru da haɗa salla ga matafiyi, kai ma ka je ga naka. Na yi alwala a masauki na sa huffi, irin na fatar jar akuyarmu, ya kuma yi mini maganin sanyi. Bayin jirgi ba buta, sai ka riƙe 'yar gora. A ƙarshen tarago kusa da ƙofa akwai ɗan fili, in jirgi ya yi nisa da tasha ba ka tare wa kowa hanya. Alƙibla a can kudu maso gabas take, ba kamar tamu ba. In da bazara za ka je, lissafin ya juye: magariba a Balin tana wuce ƙarfe tara na dare, agogonsu kuma yana gaban namu da awa ɗaya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba. Da hunturu lokacinmu ɗaya.

Guzuri ka saye shi tun a Faris. Unguwannin da ke kewaye da tashoshin nan biyu, Gare du Nord da Gare de l'Est, cike suke da shagunan halal da na 'yan Afirka ta Yamma. Akwai taragon abinci a jirgin, ni shayi kaɗai na sha a ciki, na ci burodi da dabinon da na taho da shi daga gida. Kilishi kuwa ka bar shi a Sakkwato, an hana shiga Tarayyar Turai da nama.

Nemi kujerar taga. Tsakanin Faris da Strasbourg jirgin yana taɓa kilomita 320 a awa, nisan da ke tsakanin garuruwan biyu kuwa, wanda ya kai ka je Gusau ka dawo, ya cinye shi cikin ƙasa da awa biyu. Ina kallon gonaki da shanunsu ina tuna hanyar Talatar Mafara, raina yana ta yi mini fatan wata rana dogo ya iso garinmu. Bayan an shiga Jamus gudun yana raguwa, nan ne za ka samu barci.

Babbar tashar jirgin ƙasa ta Balin, Berlin Hauptbahnhof, wadda aka buɗe a 2006, hawa-hawa ce, jirage na shiga ta sama wasu ta ƙarƙashin ƙasa, kuma manyan ƙofofinta biyu ne, Europaplatz ta arewa da Washingtonplatz ta kudu. Kafin ka tashi daga Faris ku yi magana da mai tarbarka a kan wace ƙofa za ku haɗu, ka turo mishi lambar jirgin don ya riƙa bin sa a wayarsa. Na ce wa ƙanen nawa ya zaɓi ta kudu, don da ya fito zai hango ƙubbar gilashin majalisar dokokin Jamus a hayin kogin Spree.