Kurakuran da matasanmu ke yi wajen zaɓen aikin farko na hulɗa da jama'a a Saudiyya

Ɗan uwa, kafin ka yi murna da tallar aikin da ka gani, tambayi me za ka riƙa yi daga safe zuwa la'asar. Wasu kamfanoni a Jidda da Riyad suna cewa jami'in hulɗa suke nema, alhali mu'aƙƙib suke so, mai bin takardun ma'aikata a Jawazat, wato hukumar fasfo da izinin zama, da ofishin ƙwadago. Wannan sana'a ce daban, kuma tana cikin ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa. In ba a ambaci rubuta sanarwa ko mu'amala da 'yan jarida ba, ka nemi wani wurin.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa shi ne raina Hausa. Za ka ga yaro ya tashi a Makka, Larabcinsa ya nuna, Hausarsa garau, amma a takardar neman aiki sai ya ɓoye ta, ya tafi Riyad yana gogayya da waɗanda suka fito daga Jami'ar Sarki Sa'ud da Turanci a bakinsu. Ga shi kuwa duk shekara dubun dubatan alhazai na zuwa daga Najeriya da Nijar, har huɗubar Arfa ana fassara ta zuwa Hausa. Kamfanonin hidimar alhazai, otal-otal na kusa da Harami da masu jigila suna buƙatar wanda zai yi wa Alhaji bayani a yarensa lokacin da mota ta makara ko tanti ya cika a Mina. A nan ake koyon ainihin aikin: kwantar da ran mutumin da ya fusata, faɗar gaskiya ba tare da zubar da mutuncin kamfani ba, rubuta saƙo gajere cikin gaggawa. Wanda ya yi wannan a lokacin aikin Hajji ya wuce wanda ya shekara yana ɗora hotuna a Instagram.

Sai kwaɗayin babban suna. A ƙaton kamfani sabon shiga yakan ƙare a jera kujeru da raba ruwa a wurin taro. Nemi inda akwai babba da zai karanta rubutunka ya gyara, ko da albashin bai kai ba. Ka tambaya kai tsaye: wa zai duba aikina?

Kada ka yi wasa da igama, wato katin izinin zama. Sana'ar da ke rubuce a kanta ta dace da aikin, kwantiraginka kuma ya shiga Qiwa, manhajar gwamnati ta harkokin ƙwadago. Tun gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021 ma'aikacin kamfani na iya sauya wurin aiki bisa sharuɗɗa ba sai kafili ya yarda ba, amma wanda ya fara aiki da baki kawai ba shi da abin kafa hujja.

Masu ɗaukar yawan mabiya a Snapchat a matsayin ƙwarewa su ma su yi hattara. Tun 2022 tallata kaya a shafin mutum na buƙatar lasisin Mawthooq, wanda aka sa wa riyal 15,000 na shekara uku, kuma hukuma ta hana baƙi yin talla ba izini. In wani shago ya ce ka fara tallata masa turare a shafinka kafin a ba ka aiki, ce masa a fara rubuta kwantiragi.