Kurakuran da aka fi yi wajen yankan itacen wuta da injin zarto, da yadda za a gyara su

Da yawa daga cikin injinan zarton da ake kai wa makanike da sunan sun lalace, lafiyarsu ƙalau. Sarƙa ce ta dakushe, ko an haɗa mai ba daidai ba, ko ƙura ta toshe matatar iska. Gyaran waɗannan bai fi ƙarfin mai injin ba, in ya san inda zai duba.

Tun wajen saye ake fara kuskure. Mutum zai ga dogon inji mai sandar santimita 60, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kansa, ya ce shi ne na maza, alhali itacen da zai riƙa yanka bai wuce kaurin cinya ba. Doguwar sanda tana ƙara nauyi, tana gajiyar da hannu, haƙoran da za a wasa sun fi yawa, kuma bakinta ya fi saurin taɓo abin da ba a nufa ba. Don itacen wuta, sanda mai santimita 35 zuwa 40 a kan inji mai cc 35 zuwa 50 ta wadatar. Wanda aikinsa kaɗan ne, a kusa da gida, na batir ma zai yi masa, ba ruwansa da haɗa mai. Kafin ka biya kuɗi ka tambaya ko ana samun sarƙarsa da filoginsa da matatarsa cikin sauƙi. Kuma sunan Stihl ko Husqvarna da aka manna a jikin inji ba shaida ba ce, jabunsu sun cika kasuwa.

Sai mai. Injin zarto na fetur ba shi da wurin zuba baƙin mai daban kamar mota. A cikin fetur ɗin ake zuba man da zai shafa fistin. Wanda ya zuba fetur zalla, cikin mintuna kaɗan fistin zai ci jikin silinda, inji ya kafe. Yawancin injinan zamani suna son kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita, ko mililita 100 a lita 5. Wasu tsofaffi da wasu masu araha suna neman 25 da 1. Abin da littafin injinka ya ce shi za ka bi, kuma a auna, kada a yi da ka. Man ya zama wanda aka yi domin irin wannan inji, ban da na mota. Masu cewa a ƙara mai da yawa don inji ya ji daɗi, hayaƙi da baƙin filogi kawai suke saya. A haɗa a jarka, a girgiza, sannan a zuba. Haɗin da ya wuce wata guda a ajiye ya fara lalacewa, yana daskarewa a kafireto, shi ya sa injin da aka jingine da mai a ciki yake ƙin tashi. In za ka daɗe ba ka yi aiki ba, juye tankin, ka tada injin har ya mutu da kansa.

Akwai tanki na biyu, na man sarƙa, wanda sababbin hannu kan manta da shi. Duk lokacin da ka cika fetur, cika shi ma. Wasu suna zuba tsohon baƙin man da aka juye daga mota don tattali. Wannan man cike yake da garin ƙarfe, ba ya manne wa sarƙa, yana cinye famfon da ke tura shi. In kana son sanin ko mai yana fita, nuna bakin sandar ga wani katako mai haske ba tare da ta taɓa shi ba, ka ba da wuta. Ya kamata ka ga siririn layin mai ya fantsama.

Babban kuskuren da ya haifi sauran shi ne aiki da dakusasshiyar sarƙa. Alamarta a fili take. Sarƙa mai kaifi tana fitar da ɓarɓashi manya, tana jan kanta cikin itace, kai riƙewa kawai kake yi. Dakusasshiya gari take fitarwa mai laushi, sai ka danna da ƙarfi, wani lokaci har hayaƙi ya tashi daga wurin yankan. Wannan dannawar ita ke ƙona sanda, ta shanye mai, ta gajiyar da mai aiki, kuma gajiyayye shi ke yin ganganci. Taɓa ƙasa sau ɗaya tak ya isa ya kashe kaifin duka haƙoran, don haka kada ka yanke gungume har ƙasa. Yanka kashi biyu cikin uku, ka mirgina shi, ka ƙarasa. Itacen da ya sha yashi ko laka a goge shi tukuna.

Wasawa kuwa da zagayayyen magagari ake yi, kuma girmansa ya dace da sarƙar: milimita 4 ga ƙananan sarƙoƙi, 4.8 ga matsakaita, 5.2 ko 5.5 ga manya. A yawancin sarƙoƙi ana karkata shi kamar digiri 30, a tura daga ciki zuwa waje, ba a gogawa gaba da baya. Kowane haƙori a ba shi adadin turawa iri ɗaya. In haƙoran gefe ɗaya suka fi na ɗayan tsawo, yankan zai riƙa karkacewa, mai injin ya yi ta zargin sanda. Gara shafa biyu ko uku a duk cikon tanki da a bari sai ta mutu murus. Abin da kusan kowa ke tsallakewa shi ne ɗan tudun da ke gaban kowane haƙori, wanda ke iyakance zurfin cizo. Yayin da haƙori ke gajarta saboda wasawa, dole a rage tudun da faffaɗan magagari, ya zauna kusan milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙorin. In ba a rage ba, sarƙa ga kaifi amma ba ta ci. In aka zarce, sai ta riƙa fizga tana tsalle, wanda ya fi na farkon haɗari.

Ɗaurin sarƙa a duba shi injin yana kashe kuma ya huce. Ta kwanta a jikin sanda ba ta lilo daga ƙasa, amma ka iya jan ta da hannu mai safa. Sabuwa tana saki da wuri, a yawaita dubawa. In ka ƙara mata ɗauri da zafi, sassauta ta bayan aiki, domin tana tsukewa in ta huce. A riƙa juya sandar sama ta koma ƙasa don ta ci daidai, a share kwarin da sarƙa ke bi da ramin mai. Kuma akan yi kuskuren ɗaura sarƙa a juye, har ƙwararru: a saman sanda, kaifin haƙora gaba yake kallo.

Raunuka mafi muni daga tsallen da inji ke yi baya suke zuwa. Idan sashen sama na bakin sanda ya taɓa wani abu sarƙa na gudu, injin yakan taso wajen fuska da saurin da hannu ba zai tare ba. Don haka kada a yi yanka da bakin, a lura da itacen da ke bayan wanda ake yankawa, hannu biyu a kan inji, babban yatsan hagu ya zagaye mariƙin gaba. Tsaya ɗan gefe, kada kanka ya zo saitin sanda, kuma ba a yanka sama da kafaɗa. Gwada birkin sarƙa kafin ka fara. A ƙasa ake tada inji, ƙafa a mariƙin baya, birki a danne, aƙalla mita 3 daga inda aka zuba mai. Cilla shi ƙasa da hannu ɗaya ana jan igiya burga ce kawai. Ƙararsa ta haura desibel 100, saboda haka abin toshe kunne dole ne, tare da tabarau, takalmi mai ƙarfi da wandon kariya mai zaren da ke cushe sarƙa ta tsaya.

Idan itace ya matse sanda, rashin karanta kwanciyarsa ne. Gungumen da ya dogara a kan bakinsa biyu, samansa ne ke matsewa: yanka kashi ɗaya cikin uku daga sama, ka ƙarasa daga ƙasa. Wanda gefe ɗaya ke reto a iska, akasin haka za a yi. In ta riga ta maƙale, kashe injin, ka buɗe yankan da weji na roba ko katako, wato abu mai siririn baki da ake cusawa a tsaga, kada ka yi ta fizga.

Itacen kansa ma ana ɓata shi bayan an sha wahalar yanka. Ɗanye kusan rabin nauyinsa ruwa ne, ba ya ci sosai sai danshinsa ya sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100. Kafin nan hayaƙi ne da kukan ruwa a bakin itace. A faskara shi da wuri, don gungume mai ɓawo yana riƙe ruwa. A jera shi a kan wani abu da zai raba shi da ƙasa, inda iska ke ratsawa, a rufe sama kawai a bar gefuna a buɗe. Lulluɓe shi ruf da leda ruɓewa yake jawowa. Busasshe yana da tsage-tsage a baki, ba nauyi, in ka buga biyu sai su yi ƙara tas. Katakon da aka yi wa fenti ko maganin gara kuwa ba na murhu ba ne, hayaƙinsa guba ne, kuma sau da yawa akwai ƙusa ɓoye a cikinsa da za ta karya haƙoran sarƙa.